Ma'aikacin da ke aiki daga gida: wa ke ganin guminsa?

Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa hukumomin ƙasashe da yawa suka rufe ƙofofin ofisoshi, wata sabuwar al'ada ta shigo cikin sha'anin aiki, wato ma'aikaci ya zauna a gidansa ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa, sa'an nan ya aika wa shugabansa ta hanyar kwamfuta ko wayar talho. Annoba ta lafa, amma al'adar ba ta bi ta ba. A nan Nijar, inda aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar ranar 19 ga watan Maris na 2020, abin bai yi zurfi kamar na ƙasashen Turai ba, domin yawancin ayyukan ƙasar nan a gona da kasuwa da makiyaya ake yin su. Duk da haka, a Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai masu fassara, da masu lissafin kuɗi, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na kamfanoni, waɗanda sukan yi wani sashe na aikinsu ba tare da sun taka ƙofar ofis ba.

Tambayar da ke gaban shugabannin ma'aikatu ita ce: ta yaya za a ƙarfafa gwiwar mutumin da ba a ganinsa, kuma da me za a saka masa? Masu koyar da dabarun shugabanci suna da shawarwari barkatai. A aika masa da saƙon yabo, a ba shi ɗan goro lokacin salla, a tara ma'aikata ta fuskar kwamfuta a yi raha. Babu laifi cikin wannan duka, domin yabon gwani ya zama dole. Sai dai ma'aikaci magidanci ne mai iyali, ba yaron da za a rarrasa da alewa ba ne. Abin da yake dubawa shi ne ko sunansa zai fito ranar da aka tashi ƙarin girma, ko za a tuna da shi idan an samu gurbin ƙaro ilimi, ko albashinsa zai tafi kafaɗa da kafaɗa da na abokin aikinsa da ke zaune kusa da ɗakin darakta. A wannan wuri ne ake ƙwarar ma'aikacin gida, kuma sau da yawa ba da gangan ba.

Dalili kuwa shi ne, ma'aunin da aka gada a ofisoshi ma'aunin ido ne. An ga wane ya sa hannu a takardar zuwa aiki da sassafe, an ga babur ɗinsa a inuwar bedi har la'asar, an gan shi yana kai da kawowa da takardu a hammata, shi ke nan ya zama haziƙi. Alhali kuwa kowa ya san ma'aikacin da ba ya fashin zuwa, amma yini yake yi yana hira da shan shayi, takardun talakawa na kwance a kan teburinsa ƙura ta rufe su. Wannan ma'auni gurgu ne tun fil azal. Aikin gida ya zo ne kawai ya yaye masa zane, tun da yake yanzu babu babur a ƙofa, babu abin da ya rage a duba sai aikin kansa.

Akwai wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin wanda ya kamata kowane shugaban sashe ya san labarinsa. Kamfanin Ctrip, mai sayar da tikitin jirgin sama da kama wa matafiya ɗakunan otel, yana da ma'aikata kimanin 16.000 a lokacin, kuma tsadar hayar ofis a birnin Shangai ta dame shi, ga ma'aikata suna yawan ajiye aiki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, James Liang, ya haɗa kai da wani malamin tattalin arziki na jami'ar Stanford ta Amurka mai suna Nicholas Bloom, suka shirya gwajin daga watan Disamba na 2010 zuwa Agusta na 2011, wato wata tara. Aka tambayi ma'aikatan da ke amsa kiran talho na masu sayen tikiti ko suna son aiki daga gida. Kusan rabinsu suka ce suna so. Daga ciki aka samu mutum 249 da suka cika sharuɗɗa: sun yi aƙalla wata shida a aiki, suna da intanet mai ƙarfi a gida, suna da ɗakin da babu mai damunsu. Don kada a yi son kai, sai aka jefa ƙuri'a bisa ranar haihuwa. Waɗanda ranar haihuwarsu ta faɗa kan lamba mai rabuwa biyu daidai suka koma gida, kwana huɗu a gida, kwana ɗaya a ofis kowane mako. Sauran suka ci gaba da zuwa ofis kamar yadda suka saba. Albashi ɗaya, kayan aiki ɗaya, shugabanni ɗaya.

Shugabannin kamfanin da dama sun zaci mutanen gida za su kwanta barci. Da aka yi lissafi, sai aka tarar aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100. Kashi 9 ya fito ne daga ƙarin lokacin da suke yi a bakin aiki, saboda babu makara a hanya, kuma hutun rashin lafiya ya ragu. Kashi 4 kuma daga yawan kiran da suke amsawa, saboda gida ya fi ofis shiru. Masu ajiye aiki a cikinsu suka ragu da rabi. Kamfanin ya ƙiyasta cewa yana samun rarar kimanin dalar Amurka 2.000 a shekara a kan kowane ma'aikacin da ya koma gida.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da masu binciken suka duba sha'anin ƙarin girma, suka kwatanta mutum biyu masu ƙwazo daidai, ɗaya a gida ɗaya a ofis, sai suka ga damar na gida ta samun ƙarin girma ta ragu da kusan rabi. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Mutum ya fi aiki, ya rage wa kamfani kashe kuɗi, ya zauna bai gudu ba, kuma an rubuta yawan aikinsa a kwamfuta minti da minti ta yadda babu mai musu, amma da aka zo rabon muƙami sai aka miƙa wa wanda ake haɗuwa da shi a bakin ƙofa. Masu binciken sun kawo dalilai da za su iya jawo haka. Mai yiwuwa shugabanni sun manta da wanda ba su gani. Mai yiwuwa kuma zaman gida ya hana mutum gogewa wajen hulɗa da jama'a, wadda shugabanci ke bukata, ko kuwa wasu daga cikinsu ba su nemi muƙamin ba don kada a maida su ofis. Ko wanne ne daga ciki, sakamakon ɗaya ne a aljihun ma'aikaci. Bayan gwajin, da aka ba kowa zaɓi, kusan rabin mutanen gida suka nemi komawa ofis, yawancinsu saboda kaɗaici.

Idan har haka ta faru a wurin da ake ƙidaya aiki da na'ura, ina ga ma'aikatar da shugaba ke ba da maki a ƙarshen shekara bisa abin da ya tuna?

Wasu kamfanoni ma ba su ɓoye ba. A farkon 2024, kamfanin Dell na Amurka ya sanar da ma'aikatansa cewa duk wanda ya zaɓi zaman gida ɗungurungum ba za a duba shi ba wajen ƙarin girma. Jaridun ƙasar sun ba da labarin cewa kusan rabin ma'aikatansa na Amurka sun zaɓi gida duk da wannan sharaɗi, kafin kamfanin ya kira waɗanda ke kusa da ofisoshinsa su koma aiki kwana biyar a mako cikin 2025. Ana iya sukar wannan hukunci, kuma ya cancanci suka, amma aƙalla an faɗa wa mutum gaskiya ya zaɓa da idonsa biyu. Wanda ya fi muni shi ne shugaban da ke cewa kowa ɗaya ne a wurinsa, sa'an nan shekara biyar ta wuce ba a ga sunan ma'aikacin gida ko ɗaya a jerin waɗanda aka ɗaga ba.

Da shugabanni suka rasa ma'aunin ido, wasu sai suka nemi ido na ƙarfe. An ƙirƙiro manhajoji masu ƙidaya sau nawa mutum ya taɓa madannan kwamfuta, masu ɗaukar hoton abin da ke fuskarta lokaci lokaci, har da masu leƙen mutum a ɗakinsa. Tushen abin rashin yarda ne. A wani bincike da kamfanin Microsoft ya fitar a 2022, bayan ya tambayi mutum 20.000 a ƙasashe 11, kashi 87 cikin 100 na ma'aikata sun ce suna aiki yadda ya kamata, amma kashi 85 cikin 100 na shugabanni sun ce sabon tsarin ya sa da wuya su tabbatar da hakan. Sakamakon leƙen asiri kuwa an gan shi. An shiga sayar da wata ƴar na'ura mai motsa linzamin kwamfuta don a zaci mutum na zaune, kuma a 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma sha biyu bisa zargin nuna kamar suna buga madannai alhali ba aiki suke ba. Wato an koma gidan jiya. Babur ɗin da ake ajiyewa a inuwa a tafi yawo, shi ne ya dawo da sabuwar kama.

Abin da zai tsirar da ma'aikacin gida daga mantuwa, ya kuma tsirar da shugaba daga zargi, shi ne a rubuta aiki. A farkon wata ko farkon mako a zauna a ƙayyade: ga takardun da za a fassara, ga lissafin da za a rufe, ga rahoton da ake jira, ga ranar da za a miƙa. In an miƙa, a rubuta an karɓa, a kuma rubuta ko ya yi kyau ko yana bukatar gyara. Ranar ba da maki, wannan littafi za a buɗe, a buɗe shi ga na gida da na ofis baki ɗaya. Faɗar wannan da sauƙi take, aikata shi ne da wuya, domin amsa kiran talho abu ne mai ƙidayuwa, amma aikin tunani ba ya shiga mudu. Idan aka ce za a auna mai fassara da yawan shafuka kawai, zai kawo shafi ɗari na shirme, wanda ya tsaya ya nemo kalmar da manomi zai gane ya kawo ashirin ya sha kaye. Babu wata hanya sai shugaba ya karanta aikin da kansa, ya san mai kyau da marar kyau. Wannan shi ne abin da ba a son faɗa: aikin gida ya ƙara wa shugaba nauyi. Wanda ya saba zagaya ɗakuna ya ga kawuna ya koma kujerarsa, yanzu tilas ya zauna ya duba takarda layi layi, ya kira mutum ya ce masa sakin layi na uku ya fita sarai, na biyar kuwa a sake shi. Irin wannan magana ta fi kwandon yabo tasiri a zuciyar ma'aikaci, domin ta nuna masa an karanta.

Sai batun kuɗin da ma'aikaci ke kashewa daga aljihunsa. A ofis, hukuma ke biyan wuta da ruwa da takarda da kujera. Da mutum ya koma gida, duk wannan ya koma wuyansa. Gwamnatin Faransa ta gane haka, shi ya sa a watan Agusta na 2021 ta kafa wa ma'aikatanta alawus na yuro 2,50 kowace ranar aikin gida, wato kimanin sefa 1.640, ba zai wuce yuro 220 a shekara ba. Daga farkon 2023 aka ɗaga shi zuwa yuro 2,88. Ba wani kuɗin a zo a gani ba ne a ƙasarsu, amma ya tabbatar da ƙa'ida. A Nijar lissafin ya fi nauyi. Kuɗin intanet na waya yana cin aljihu, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ba a iya zaman ɗaki sai da fanka. Mazauna Yamai da Maraɗi ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa kamfanin Nigelec saboda takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Sai bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024 aka maido da ita. A irin wannan hali babbar ma'aikata tana iya tayar da injin wuta, amma ƙaramin ma'aikaci a gidan haya sai dai ya zura wa kwamfuta ido har batir ya mutu. Duk ma'aikatar da ta tura mutum gida ba tare da faifan hasken rana ko kuɗin intanet ba, ta ɗora masa haraji ne a ɓoye. Kuma kada a lissafa wannan alawus cikin lada. Biyan bashi ne. Lada sai bayan an biya shi.

Haka nan gidan Bahaushe ba ɗakin shiru ba ne irin wanda kamfanin Ctrip ya sa a sharaɗi. Baƙo ya yi sallama a zaure ba a ce masa ana aiki, maƙwabci ya ga mutum a gida da hantsi sai ya zaci an kore shi. Ga mace ma'aikaciya abin ya ninka, domin muddin tana cikin gida, tukunya da goyo da hidimar surukai ba su san tana bakin aikin gwamnati ba. Shugaban da ya san wannan zai bar mata zaɓin sa'o'in da za ta yi aikinta, in dai ta cika alkawarin ranar miƙawa.

Amma sassaucin lokaci yana da nasa haɗari, domin wayar da ta kawo aiki gida ba ta san dare ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade sa'a 40 a mako, sai dai saƙon WhatsApp na darakta da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba ya shiga wannan lissafi. Faransa ta shigar da haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki cikin dokarta tun 1 ga Janairu na 2017, ƙasar Fotugal kuma daga farkon 2022 ta hana mai ba da aiki neman ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura mai ƙarfi. Ko babu doka, shugaba mai mutunci yana iya riƙe saƙonsa har gari ya waye.

Kamfanin nan na Sin, wanda yanzu ake kira Trip.com, ya sake wani gwaji a 2021 zuwa 2022 da ma'aikata 1.612, injiniyoyi da masu lissafi da masu tallace-tallace. A wannan karo kwana biyu kawai ake yi a gida, Laraba da Juma'a, sauran uku a ofis. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature a watan Yuni na 2024 ya nuna masu ajiye aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman mata da masu zuwa daga nesa, kuma cikin shekara biyu da aka bi sawunsu ba a ga bambanci ba wajen maki ko ƙarin girma. Kwana ukun nan sun isa a ga fuskar mutum, a ji ra'ayinsa a taro, sabon ɗauka ya koyi aiki a gefen tsohon hannu. Ma'aikatar da ke tunanin soma wannan tsari a ƙasar nan ta fi kusa da dacewa idan ta fara daga nan.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu na da ƙamshin gaskiya, zaman gida shi kansa gata ne, don me za a ƙara wa mai shi wani abu? Unguwarzoma a asibitin karkara, malamin makarantar bokon ƙauye, jandarma a bakin hanya, babu ɗayansu da zai iya aiki daga ɗakinsa, kuma su ne suka fi shan wahala. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce ta a kyautata wa waɗannan bayin Allah alawus ɗin wahala da na nisa. Ba a nemi a fifita ma'aikacin gida a kansu ba. Abin da ake nema shi ne kada a rage masa abin da aikinsa ya ba shi saboda kawai ba a ga ƙeyarsa ba.

Daga ƙarshe akwai wasu ma'aikatan gida da suka riga kwamfuta zuwa, waɗanda ba a cika sa su cikin wannan zance ba. Matan da ke ɗinkin hula da saƙar tabarma da faifai, da masu ɓarar gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gidajen Maraɗi da Tawa da Damagaram, da yawansu wani ɗan kasuwa ko dillaliya ke kawo musu kaya, a biya su bisa abin da suka gama. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, ta ƙiyasta a rahotonta na Janairu 2021 cewa tun kafin annoba akwai mutum miliyan 260 masu aiki a gida a duniya, kashi 56 cikin 100 mata ne, kuma a ƙasashe irin su Indiya da Meziko abin da suke samu kusan rabin na masu aiki a waje ne. Tun 1996 ƙungiyar ta zartar da yarjejeniya mai lamba 177, wadda ta nemi a daidaita su da sauran ma'aikata wajen biya, da kariyar lafiya, da samun horo, da hutun haihuwa, ko da yake ƙasashen da suka amince da ita har yanzu ƴan kaɗan ne. Shawara mai lamba 184 da ke rakiyar yarjejeniyar ta kawo wani abu mai sauƙi: mai ba da aiki ya riƙe rajista, ya rubuta aikin da ya bayar, da lokacin da aka ɗiba masa, da farashin da aka yi, da abin da mai aikin ta kashe, da abin da aka cire, da ranar biya, ya kuma ba ta kofi. Wannan shi ne littafin nan da aka ce a buɗe wa mai fassara da mai lissafi, ba wani daban ba. Macen da ta sauke karatu a ajin yaƙi da jahilci ba ta bukatar jiran ɗan kasuwa ya buɗe nasa. Da littafin rubutu na dala ashirin da fensir za ta iya rubuta hula nawa ta karɓa, zare na nawa ta saya, kwana nawa ta yi a kan kowace ɗaya, sa'an nan ta sa dillaliya ta dangwala hannu ranar da ta kwashe kaya.